Saƙon Haƙurin da Babu Wanda Ya Aiko

Nafisa da Mahaman, kun sha tambayata dalilin da ya sa muka bar Lyon, ni kuma na sha ce muku aiki ne ya kai mu Sevran. Ban yi muku ƙarya ba, amma na faɗi ƙarshen maganar na bar farkonta. Yanzu kun girma, kunnuwanku sun jiye muku abin da ban so ba. Wasu sun ce muku babanku ɗan leƙen asirin Yahudawa ne, wasu kuma sun ce ƙin Yahudawa ne ya sa aka raba shi da koyarwa. Mutum ɗaya fa, tabo biyu masu karo da juna, kuma har gobe akwai masu rantsuwa a kan kowanne. Ni na zauna da shi, ni na ga abin da ya faru da idona, saboda haka ku bar jita-jita ku saurare ni.

Sai na fara da kakanku, don ba za ku gane babanku ba in ba ku san shi ba. A Damagaram, in mutum biyu suka ɓata a unguwa, kakanku ake kira. Ba ya haɗa su wuri ɗaya. Sai ya je gidan na farko ya sha ruwa, ya bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa, zagi da gori da tone-tone. In ya fito sai ya zubar da wannan duka a ƙofar gida, ya je wajen na biyu ya ce, "Daga wajen wane nake, ya ce ka yi haƙuri, abin ya dame shi." Haka zai koma ya faɗa wa na farko. Kowa a garin ya san rabin maganar ta kakanku ce, waɗanda ake sasantawa ma sun sani. Amma ba mai tambaya, don tambayar rashin kunya ce. An ba ka hanyar sauka da mutuncinka, sai ka sauka. Da wannan babanku ya tashi, yana riƙe wa tsohon takalmi daga zaure zuwa zaure, da shi kuma ya zo Faransa karatu.

A Lyon yana koyar da lissafi a wani lise, wato makarantar sakandare, a kan kwantiragin da ake sabuntawa kowace shekara, ni kuma ina aikin gwajin jini a asibiti. A unguwarmu akwai wata 'yar ƙungiya da ke haɗuwa ranar Asabar da la'asar a wani ɗakin taro na haya: Yahudawa kaɗan, Larabawa kaɗan, da wasu tsofaffin Nasara masu son a ce da su aka yi. Burinsu a samu zaman lafiya tsakanin Isra'ila da Falasɗinu. Mutum biyu ne ginshiƙanta. Akwai Mushe Daniyel (Mushe shi ne "Malam" ɗin Faransawa), Bayahude, tsohon likitan haƙori wanda aka haifa a Maroko, ƙanwarsa na aure a Isra'ila. Akwai Nabil, Bafalasɗine mai kantin magani, mahaifiyarsa na Gaza. Babanku ya shiga cikinsu ta hanyar Nabil, ba a jima ba ya zama shi ne mai buɗe ɗaki da mai dafa kafe, wato gahawa. Ni dai tun farko hankalina bai kwanta ba. Ina zuwa jefi-jefi in zauna a baya in kalli fuskoki. Mutanen da ke murmushi suna rubuta abin da ɗan'uwansu ya faɗa, ni ban ga alamar lafiya a tare da su ba.

"Malam," na ce masa wata rana, "mu da ko taswirar wurin ba mu gama ganewa ba, me ya kai mu?"

"Maƙwabtanmu ne," in ji shi. "In gidan maƙwabci na hayaƙi ba ka tambayar taswira."

"To, Allah ya sa hayaƙin ya tsaya can."

Sai aka shiga shekarar da Falasɗinawa suka rabu gida biyu, Gaza da masu mulkinta, Yammacin Kogin Jodan da nata. Rigimar ta biyo su har Lyon. Larabawan ƙungiyar da da suke zama gefe ɗaya suka koma hararar juna: waɗannan na cewa masu tattaunawa da Isra'ila sun sayar da ƙasa, waɗancan na cewa masu ƙin tattaunawa za su ƙarar da jama'a. Ɓangaren Mushe Daniyel ma ba lafiya ba. Mijin 'yarsa ya daina cin abinci a gidansa, yana cewa tsoho ya zama abin wasan masu son ganin bayansu. A wannan lokacin ne Samir ya fara zuwa. Ƙanen matar Nabil ne, saurayi mai kaifin baki, ba a daɗe da zuwansa ba, takardunsa na zama ma ba su gama fitowa ba. Ranar da na fara ganinsa na ce a raina wannan ba kafe ya zo sha ba.

Ina wurin ranar da ya yi ta. Ana maganar wani taro da za a yi a Paris, inda ƙananan ƙungiyoyi irin tamu za su haɗu, Mushe Daniyel ya ce ya kamata a fara da jajanta wa mamatan kowane ɓangare. Samir ya miƙe ya nuna shi da yatsa.

"Ku duk ɗaya ne, na can da na nan. Ku ke riƙe da jaridu da bankunan ƙasar nan, sannan ka zo kana koya mana kuka."

Maganar banza ce, mummuna, kuma na faɗa a lokacin na kuma faɗa yanzu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cire wa 'ya'yan talakawa haƙori, shi ake wa wannan gori saboda addininsa. Mushe Daniyel bai kalli Samir ba, Nabil ya kalla. Ya jira. Nabil ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Na san abin da ya ɗaure masa baki: Samir surukinsa ne, mahaifiyarsa kuma na zaune a ƙarƙashin mutanen da Samir ke goyon baya, magana tana da ƙafa. Amma shirun ya yi tsawo. Tsohon ya ɗauki hularsa ya fita, Yahudawan da ke wurin suka bi bayansa, aka bar mu da kofuna.

Washegari na ga babanku ya sa babbar riga, wadda ba ya sawa sai sallah ko suna. Nan take na gane.

"Ina zuwa?"

"Gaisuwa."

"Malam, nan ba Damagaram ba ce. Mutanen nan in ka ce musu wane ya ce, sai sun tambaye ka ƙarfe nawa ya faɗa."

Ya yi 'yar dariyarsa mai ban haushi, ya ce zuciya ɗaya Allah ya yi wa kowa. Ya je gidan Mushe Daniyel ya sha shayi, ya ji ɗacinsa, ya ce masa Nabil ya kasa barci, ya tsawata wa Samir, ya ce a ba shi haƙuri. Ya je kantin Nabil ya ce masa tsohon ya gane halin da yake ciki, ya ce shi ma ya yi gaggawar fita, a yi haƙuri. Ya yi ta zirga-zirga tsakaninsu makonni. Babu wanda ya aiko shi, babu wanda ya furta ko kalma ɗaya daga cikin wannan. Amma abin haushi, sai ga shi ya ci. Wata Asabar suka shigo ɗakin taro kusan tare, suka rungumi juna, har da ƙwalla, ba wanda ya tayar da zancen. Babanku ya waiwayo ya kalle ni daga wajen tukunyar kafe. Na kawar da kai, don ni har lokacin ban yarda an gama ba.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris ranar taron, mu da su, suna raba burodi da zaitun a hanya kamar 'yan uwa ɗaya. Samir ma ya zo, ya zauna can nesa da abokansa. Ɗakin taron ya cika, kowane ɓangare da 'yan kallonsa da suka zo ba don sulhu ba sai don su kama nasu da laifi. Da aka ba ƙungiyarmu dama, Mushe Daniyel ya hau. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan na yarda. Ya ce zai ba da misalin jarumtaka: an ci mutuncinsa a matsayinsa na Bayahude, abokinsa Nabil ya tsawata wa ɗan gidansu, ya kuma fara aiko da ban haƙuri. Ya ce a tafa masa. Aka tafa. Na ga fuskar Nabil ta canja, na ga Samir ya juyo yana kallonsa baki buɗe. Wani daga cikin abokan Samir ya ɗaga murya da Larabci, ko ban ji yaren ba na san zagi ne. Nabil ya miƙe.

"Ban aika kowa ba. Ban nemi gafarar kowa ba. Shi ne ya aiko mini."

"Ni?" in ji tsohon daga kan dandali. "Ni da aka zaga?"

Sai duka biyun suka juya suna neman babanku da ido. Yana zaune kusa da ni, hannuwansa a kan gwiwa.

A baranda suka tsare shi. Ban taɓa ganin mutum biyu da yanzun nan suke musun juna sun haɗa baki da sauri haka ba.

"Isuhu, wa ya aike ka?" in ji Nabil.

"Ba kowa. Na san abin da ke zuciyarku, na faɗe shi a madadinku. Haka muke yi a gida."

"Ka sa mini magana a baki a gaban mutanena. Ka san abin da hakan zai jawo wa uwata?"

Mushe Daniyel kuma a hankali ya yi tasa, ita ta fi zafi.

"Wato ba a tsawata wa yaron ba. Ka ji abin da aka ce mini, ka lulluɓe shi, ka kawo ni nan na yi godiya a kan abin da bai faru ba. Ka mai da ni wawa, Mushe Isuhu."

Babanku ya ce, "Amma kun rungumi juna. Wannan ba ni na yi muku ba." Suka juya suka tafi. Muka koma Lyon a jirgi ɗaya, kowa a taragonsa.

Daga nan sai magana ta fara yawo, kuma ta kowace ƙofa da irin kayan da take shigowa da su. A masallaci aka ce me zai sa baƙin mutum daga Nijar ya yi ta shiga gidan Bayahude da babbar riga in ba biyansa ake ba. Wasu suka ce 'yan sanda ne suka dasa shi don ya raba kan Falasɗinawa. Mutumin da ya saba tsayawa kusa da shi a sahu ya koma sahun baya. 'Yan Nijar ɗinmu ma, waɗanda suka san al'adar sarai, waɗanda aka sasanta iyayensu ta wannan hanya, suka rage zuwa gidanmu, in mun haɗu a kasuwa gaisuwar ta gajarce. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na zama ina zargin kowa. In waya ta yi ƙara aka yi shiru, in ce Samir ne. In mota ta daɗe a ƙofar gida, in leƙa ta labule. Ke Nafisa kin tuna na hana ki zuwa gidan ƙawarki ba dalili, to dalilin ke nan, na ga ubanta yana hira da mijin 'yar Mushe Daniyel a bakin tasha.

Ana cikin haka daraktan lise ya kira babanku. Ya ce wani ya yi waya, bai faɗi ko wane ne ba, ya ce akwai malami a makarantar da ke zama da masu zagin Yahudawa yana rufa musu asiri. Ya ce shi bai yarda ba, amma zamani ne da irin wannan zargi ba a wasa da shi, iyayen yara na iya ji. Hanya ɗaya ce: babanku ya faɗi wanda ya yi maganar da abin da ya ce, a kai gaba, shi kuma a wanke shi. Ya ba shi lokaci ya yi tunani. Har yau ban san wanda ya yi wayar nan ba. Na zargi surukin tsohon. Na zargi Samir, don ramuwa. Na zargi wani ɗan ƙasarmu da ke neman gurbin koyarwa. Akwai ranakun da na zargi Mushe Daniyel da kansa, Allah ya yafe mini in ba shi ba ne.

Da ya dawo ya gaya mini, ina yanka albasa, na ajiye wuƙar.

"To, me kake jira? Samir ne ya faɗa, a gaban mutane ya faɗa. Kira sunansa."

"In na kira, 'yan sanda za su shigo. Takardunsa ba su fito ba, za su mayar da shi. Matar Nabil ba za ta yafe wa mijinta ba, gidan ya watse."

"Mu namu gidan fa? Kai ka zagi wani? Yaron da ko gaisuwar kirki bai taɓa yi maka ba, shi za ka ba wa aikinka da sunanka?"

"Maman Nafisa, mai sulhu ba ya kai mugun abu gaba. In na kai, na zama abin da suke cewa a masallaci."

"In ba ka kai ba kuma ka zama abin da suke cewa a makaranta."

Ya ce, "Na sani."

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce masa taurin kai ne yake kira mutunci. Na daina yi masa magana sai abin da ya zama dole, in ajiye masa abinci in tashi. Sau da yawa na ɗauki waya don in kira daraktan da kaina, in ajiye, don na san in na yi ba zai sake kallona kamar da ba. Ya koma ya ce wa darakta shi ba shi da sunan da zai bayar, kuma bai taɓa ƙin wani don addininsa ba. Ba a kore shi ba, su ba sa kora. Shekara ta ƙare, ba a sabunta kwantiragi ba, aka ce an rage azuzuwa. Ya nemi wasu makarantu, ko'ina a karɓe shi da fara'a, bayan kwana biyu a ce an samu wani. Ƙungiyar kuwa ta mutu murus, ba wanda ya sake buɗe ɗakin.

Haka muka tattara muka koma Sevran, inda wani Alhaji ɗan Cadi da suka yi zaman ɗalibta tare ya samo masa aiki a rumbun kayan marmari a Rungis. Malamin lissafi ya koma tura akwatunan lemo cikin sanyi. Kai Mahaman ka kan tambaye shi me ya sa hannuwansa suka tsattsage, ya ce maka alli ne ya gaji da shi. Bai taɓa yin ƙorafi a gabanku ba. A gabana ma sau ɗaya kawai ya ce abin da ke damunsa ba aikin ba ne, shi ne ya je Juma'a ya ga wani ɗan Lyon ya sunkuya yana yi wa na kusa da shi raɗa. Na so in ce masa ai na gaya maka, na haɗiye. Shekaru suka tafi, ana yaƙi a can a tsagaita a koma, shi kuma in labarai suka zo sai ya rage muryar talabijin ya zauna yana kallon hotunan kawai.

Da Allah ya karɓi abinsa, kuna can kuna hidimar maƙabarta da baƙi, ba ku lura da abin da zan faɗa muku ba. Ana zaman makoki a falonmu sai ga Nabil, ya yi furfura. Ba a jima ba sai ga Mushe Daniyel da sanda, wani ya riƙo shi. Daga Lyon suka taso, kowa daban, ban san wanda ya gaya musu ba. Ɗaya ya zauna kusa da taga, ɗaya kusa da ƙofa, tsakaninsu 'yan Nijar ne cike da tabarma, har da waɗanda suka yi ta yawo da sunan babanku a baki. Na ce a raina yau Allah ya kawo ranar. In ɗayansu ya buɗe baki a gaban mutanen nan ya ce Isuhu ba ɗan leƙen asiri ba ne, ba maƙiyin kowa ba ne, an gama.

Tsohon ne ya fara samuna a hanyar kicin. Ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa sanin mutumin kirki kamar mijina ba, ya ce ya daɗe da gane abin da ya yi nufi.

"Mushe, ga falo can cike," na ce. "Ka faɗa a can."

Ya ce ba wurinsa ba ne, shi baƙo ne, kada ya tayar da tsohon zance a gidan mutuwa. Sannan ya rage murya ya tambaye ni ko Nabil ya ambace shi. Na ce a'a.

Bayan ya koma ya zauna sai Nabil ya zo, idonsa ja. Ya ce Samir na nan ya yi aure ya haifi 'ya'ya, kuma ya san albarkacin wanda yake ci. Ya ce Isuhu ya rufa musu asirin da ɗan'uwa ba zai rufa ba. Na ce masa abin da na ce wa wancan. Ya leƙa falon, ya ga fuskokin da ya sani daga masallacin Lyon, ya ce mutane ba za su fahimta ba. Sannan ya ce:

"Hajiya, in tsohon zai tafi, ki ce masa na ce ya yi haƙuri."

"Mai kai irin wannan saƙon jiya muka binne shi," na ce. "Ga mutumin can zaune, taku kaɗan ne. Je ka faɗa da bakinka."

Ya tsaya a bakin ƙofar falon har na ɗauka zai shiga. Sai ya duƙa ya ɗaure takalminsa, ya yi wa jama'a sallama, ya sauka. Mushe Daniyel ya bi ƙofar da kallo, ya jira aka shafa fatiha, shi ma aka kama shi ya tashi. Babu wanda ya ce komai a kan babanku sai Allah ya jiƙansa. Ban kai saƙon ba, kuma ban yi nadama ba. Su biyun da za su iya wanke shi sun zo har cikin gidansa sun koma da maganar a bakinsu, shi ya sa na zauna na rubuta muku da hannuna.